Gwangwanayen Iri da Baba Ya Bari

Baba hatsi yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma a rumfa ɗaya ya zauna tun kafin a haife ni har ya rasu. A gidan malamai ya tashi a Fagge. 'Yan uwansa duk koyarwa suka kama ko aikin gwamnati, shi kaɗai ya zaɓi kasuwa. Gero, dawa, wake, gurjiya da riɗi su ne kayansa. Idan damina ta gabato kuma, sai ka ga manoma daga ƙauyuka sun tsugunna a bakin rumfar suna magana da shi ƙasa-ƙasa, ya ba su ɗan ƙulli, ko su su ba shi. Na sha gani, ban taɓa tambaya ba. Ni koyarwa nake yi a firamare, ina aure a Kwaciri, rumfar kuwa sai in na shiga kasuwa nake biyawa in gaishe shi.

Bayan sadakar arba'in yayana ya karɓi rumfar. Shinkafa da taliya da man girki yake so ya zuba, don su ne ke tafiya yanzu. Ranar da aka fitar da tsofaffin buhuna, sai ga akwatunan ƙarfe guda biyu a lungun baya, inda rana ba ta kaiwa. Ya kira ni a waya ya ce in zo in gani, in ba ni da bukata zai ba mai kaji. Ba da mugunta ya faɗa ba, wuri yake nema.

Da aka tashi daga makaranta na hau adaidaita sahu na je. Gwangwanayen madara ne da kwalabe, sun fi hamsin, kowanne da 'yar takarda a liƙe, da rubutun ajami na Baba. Na buɗe ɗaya, toka ce da wake a cikinta. Wani kuma dawa ce da busasshen barkono. Na ce a ɗora mini su a adaidaita. Gaskiya ba don irin na ɗauka ba, don rubutun hannun Baba ne. Na kai su gida na tura su sito, kusa da inda nake girki, na ci gaba da harkokina.

Bayan kamar mako uku, ranar wata Asabar da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidana. Wata dattijuwa ce doguwa, da tabarau da jakar hannu. Na san fuskarta a rumfar Baba, tana sayen acca. Mama kowa yake ce mata. Kirista ce, 'yar wajen Zariya, ta yi aikin gona na gwamnati har ta yi ritaya, tana zaune a Sabon Gari. Ta ce ba ta gari lokacin rasuwar, sai da ta dawo ta ji. Ta je ta yi wa yayana ta'aziyya, ta tambaye shi akwatunan, shi ya yi mata kwatancen gidana.

Ta yi mini gaisuwa sosai, ta sha ruwa, sannan ta ce in nuna mata inda na ajiye su. Da ta ga suna dab da risho, ba ta ɓoye ɓacin ranta ba.

"'Yata, waɗannan da ransu. Zafin nan kashe su yake yi a hankali. Kama mu fitar da su."

Muka ja su zuwa ɗakin da ya fi sanyi a gidan. A nan, zaune a kan tabarma, ta ba ni labarin abin da ban sani ba game da mahaifina. Ta ce sun fi shekara ashirin suna musayar iri. Ita ta kawo masa ƙananan hatsin garinsu, iburu da tamba, shi kuma ya ba ta wake kala-kala. Baba ya lura cewa tun da sabon iri mai saurin nuna ya shigo, manoma suna watsar da na iyayensu, kuma in shekara uku ko huɗu ta wuce ba a shuka ba, shi ke nan, ko ka nema ba za ka samu ba. Bai ƙi sabon irin ba, har yana sayar da shi. Amma duk tsohon irin da ya ji ana bari, sai ya nemi kaɗan ya ajiye. Bayan 'yan shekaru ya ba wani manomi ya shuka masa a gefen gona, ya dawo masa da sabo. Maganar da nake gani ana yi ƙasa-ƙasa a bakin rumfa ke nan.

Ta kuma gaya mini cewa akwai wuraren da aikinsu kenan, masu aikin gona suna ce musu bankin iri. Ana busar da iri sosai, a rufe shi yadda iska ba za ta shiga ba, a sa a ɗaki mai tsananin sanyi, ya yi shekaru masu yawa bai mutu ba. Lokaci-lokaci a ɗebi kaɗan a gwada, in ya fara rauni a shuka a sabunta. Ta sha roƙon Baba ya bari a kai wani kaso can. Kullum sai ya ce bayan damina. A ƙarshe ya gaya mata gaskiya, tsoro yake kada iri ya shiga ofis, manomi ya daina ganinsa.

Na tambaye ta me za mu yi yanzu. Ta ce da farko sai mun san wanne ne mai rai.

Gwajin ba shi da wuya. Daga kowane gwangwani mu ƙirga ƙwaya goma, mu shimfiɗa a jiƙaƙƙen ƙyalle a kan faranti, mu rufe, in riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Na kwashe duk farantan gidana, har da na cikin kabad da ba a taɓa ci da su ba, na aro wasu a maƙwabta. Maigidana ya shigo falo ya rasa inda zai taka, ya tsaya yana kallo, ya ce Allah ya sa dai ba a nan za a yi girbin ba.

Kwana bakwai muka ba su. Fiye da rabi ba su motsa ba, wasu suka yi funfuna suka ruɓe. Abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Na duba shekarun da ke jikin takardun na ga waɗanda suka mutu su ne waɗanda suka daɗe ba a sabunta ba, wato tun lokacin da ciwon ƙafa ya fara hana Baba zirga-zirga. Yana zuwa rumfa kullum, muna ganin lafiya lau, ashe akwai aikin da ya gagare shi bai gaya wa kowa ba.

Akwai wasu kwalabe na 'ya'yan itatuwa: ɗorawa, taura, kanya, ɗinya, da ƙwarar kaɗanya. Babu wanda ya tsira a cikinsu, na riga na ware su zan zubar. Mama ta hana. Ta ce kaɗanya kam ta mutu tun tuni, don ƙwararta ba ta jure bushewa, ita sai dai a bar bishiyar a tsaye. Amma ɗorawa da taura ɓawonsu ne mai tauri, ruwa bai shiga ba. Ta zauna a bakin baranda tana goga kowace ƙwaya a jikin siminti har sai ta ɗan ƙuje, muka sake jiƙawa. Kafin mako ya zagayo da yawa daga cikinsu sun fasa. Kanya biyu ma suka biyo baya daga baya. Ɗinya ce ta ƙi.

Matsala ta biyu ita ce takardun. Ina karanta ajami, Baba da kansa ya koya mana, amma rubutun nan don kansa ya yi shi. A jikin wani ya rubuta "na mutumin gabas", wani "mai jinkiri", wani kuma "kada a haɗa" kawai. Mama ta ce a can bankin za su so su san daga ina iri ya fito, yaushe ake shuka shi, me ake yi da shi. Na rasa wanda zan tambaya, sai na tuna mahaifiyarmu Inna a ƙauye ta girma, kuma duk hatsin da ya shigo rumfar Baba ta tukunyarta yake fara bi.

Lokacin Inna tana takaba a gidanmu na Fagge. Tun rasuwar ba ta cika magana ba, in ka gaishe ta ta amsa ta koma jan carbi. Na ɗauki gwangwani biyar na je, ina ɗar-ɗar kada in tayar mata da hankali. Na zuba wake kaɗan a tafin hannunta. Ta matsa kusa da taga, ta jujjuya shi, ta sa ɗaya a baki ta fasa.

"Wannan ai mai jinkirin nan ne. Sai ruwa ya ɗauke yake yin 'ya'ya. Babanku don harawarsa yake son sa, rago yana ƙiba da ita. Ƙosansa kuma yana tashi ko ba ki buga da yawa ba."

Daga nan ba ta tsaya ba. Wannan dawar tuwonta yana kwana bai saki ba. Waccan ba a cin ta sosai, jan da ke jikin karanta ake so, masu jima suna rina fata da shi. Wannan geron tsuntsu ba ya son sa saboda gashin zangarniyarsa. Mutumin gabas kuwa ta san shi, wani dattijo ne da yake kawo musu gurjiya duk kaka, ta faɗi sunan ƙauyensu. Inda ba ta sani ba sai ta ce ba ta sani ba, kada a rubuta ƙarya.

Na kawo Mama a zuwa na biyu. Da farko hirarsu a takure take, Hajiya kaza, Mama kaza. Amma da aka zo kan tamba, suka shiga gardamar yadda ake dama kununta, kowacce tana ganin nata ne daidai, har na ji Inna ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Mama ta riƙa zuwa duk Talata da Alhamis da littafinta, Inna tana faɗa tana rubutawa. Ko bayan mun gama gwangwanayen ba ta daina zuwa ba.

Abin da ke cikin gwangwanayen kaɗan ne, wani bai fi cikin tafi ba. Kafin a raba sai an shuka ya ƙaru. Maigidana yana da fili a Rijiyar Lemo da ya zagaye da katanga bai fara gini ba, ya ce mu yi amfani da shi. Ban taɓa riƙe fartanya ba a rayuwata. Na sa an yi mana huɗa, amma shuka da hannunmu muka yi, ni da Mama, ita tana ja da igiya tana kafa 'yan turaku, ni ina binne iri. Kowane layi da lambarsa, lambar kuma tana cikin littafi. Na riƙa biyawa bayan makaranta in yi ciyawa, hannuna ya yi kanta, abokan aikina suna tambaya ko dakan gero na koma yi.

Da dawa ta fitar da kai, Mama ta zo da jakunkunan takarda ta ce a rufe kawunan da muke so mu ɗebi iri, don kada garin furen wata ya sauka a kan wata su gauraya. Matan maƙwabta suna leƙowa ta saman bene suna dariya, wai ga dawa da hula. Ɗaya daga cikinsu ta sauko ta tambaya, na yi mata bayani, daga baya ita ce ke korar mana tsuntsaye in ba ma nan.

Ba duka suka yi kyau ba. Iburu ya fito a raunane bai yi komai ba, Mama ta ce ƙasar da ruwan ba irin nasa ba ne, ragowar za ta aika gida a shuka. Layin gero ɗaya ruwa ya kwanta masa a watan Agusta ya lalace. Amma wake ya yi, dawa ta yi, gurjiya da riɗi da yakuwa duk sun yi.

Babban kuskuren ni na yi shi. Bayan roron wake, na ɓare kala biyu farare na shanya a tabarmi daban-daban a tsakar gida. Hadari ya taso ba zato, na yi sauri na kwashe, na dube su na ga ai duk fari ne, na juye su a kwano ɗaya. Sai da Mama ta zo ta tambayi lamba sha huɗu da sha biyar na gane abin da na yi. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Baba ya rubuta wa "kada a haɗa". Mama ta cire tabarau, ta ce aikin damina guda na juye a kwanon nan. Ban yi musu ba.

Na kai wa Inna kwanon, ina jin kunya. Ta duba ta ce ba ɗaya ba ne, kuma ba su yi kama ba in mutum ya san su. Ɗaya idonsa baƙi ne, ɗayan kuma da ɗan zagaye ruwan ƙasa, fatarsa ta fi yamushewa. Kwana uku ta yi tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya a kan faifai, da safe lokacin da idonta ya fi gani. Ta ware kashi uku: wannan, wancan, da waɗanda take shakka. Mama ta duba ta yarda da biyun, na ukun ta ce a dafa. Muka yi alala da shi, kuma ta yi daɗi.

Da komai ya bushe, muka raba kowane iri gida biyu. Rabi ya zauna a wurina, rabi muka shirya kai wa bankin. Yana wata cibiyar binciken aikin gona a wajen Kano, kuma Mama ta san wasu a can tun tana aiki. Muka ɗauki motar safe, ni da ita, da kwali a kan cinyata.

Wani jami'i mai matsakaicin shekaru ya karɓe mu. Ya nuna mana ɗakin busarwa, sannan ya ba mu riguna masu kauri muka shiga ɗakin sanyi. Kantoci ne daga ƙasa har sama, cike da 'yan jakunkuna masu ƙyalli irin na madarar gari, kowacce da lamba. Minti biyu na yi yatsuna suka fara ciwo na fito. A ofis ya duba kayanmu ɗaya-ɗaya. Ya ce wasu yana kyautata zaton suna da irinsu, wasu kuma sai sun shuka sun gwada kafin su ce komai, don suna ɗaya yakan hau iri biyu, iri ɗaya kuma yakan yi suna uku. Bai yi mana alƙawarin mun kawo abin mamaki ba. Amma da ya buɗe littafin da Mama ta rubuta daga bakin Inna, ya daɗe yana karantawa. Ya ce jakunkuna da yawa a ɗakin can ba abin da aka sani game da su sai sunan garin da aka ɗebo su. Ya nemi izini ya yi kwafin littafin.

Kafin mu tashi na yi masa tambayar da ta hana Baba zuwa.

"Ranka ya daɗe, in manomi ya rasa irinsa, zai iya zuwa nan ya samu?"

Ya ce zai iya nema a ba shi kaɗan ya shuka ya ƙara, don haka aka ajiye. Amma bai ɓoye mini ba, manoma ƙalilan ne suka san da wurin, kuma hanya da nisa. Ya ce ɗakin sanyi na ranar da komai ya ɓace ne. Rabin da na bari a gida, in yana shiga gona duk shekara, shi ne zai fi saurin kai wa ga mutane.

Da damina ta sake gabatowa, tsofaffin abokan hulɗar Baba suka fara zuwa rumfa suna tambayar iri. Yayana ya sallami na farko da na biyu. Na uku dattijo ne da ya taso tun daga ƙauye saboda waken nan mai jinkiri, ya ce nasa ƙwari sun cinye, ya zaga ƙauyuka uku bai samu ba. Yayana ya ji nauyinsa, ya kira ni. Na kawo masa cikin gwangwani, na ce sharaɗi ɗaya ne, in Allah ya kai mu kaka ya dawo mini da kwano guda. Bayan ya tafi, yayana ya matsar da katan biyu na taliya ya ce in riƙa ajiye kaɗan a nan, don ya gaji da kiran waya.

A shekarar mutum tara suka karɓa. Shida suka dawo da iri. Ɗaya ya zo hannu biyu babu komai, ya ce dawar ta yi tsayi da yawa iska ta kwantar da ita, shi ba zai sake shukawa ba. Na rubuta hakan a littafi kamar yadda ya faɗa. Sauran biyun ban sake ganinsu ba. Dashen ɗorawa da taura da kanya kuwa makarantarmu na kai, muka kewaye su da ƙaya. Guda huɗu sun rayu, ɗorawa ɗaya ta fi ni tsayi yanzu.

Bara Mama ta koma Zariya wurin 'yarta saboda ciwon gwiwa. Muna waya duk mako, kuma ba ta taɓa kashewa ba sai ta tambaye ni ko na yi gwajin tsiro na bana. Suna waya da Inna ma, su tasu hirar ta fi tawa tsawo. Yanzu ni nake yin gwajin da kaina, ni nake yanke wanda za a shuka bana da wanda zai iya jira, kuma ina iya bambanta wake kala bakwai da ido ba tare da na duba lamba ba.

Bana maigidana ya sauke yashi da bulo a filin Rijiyar Lemo, zai fara gini. Ya gaya mini tun da wuri don in nemi wani wuri. Na je na samu shugabar makarantarmu na nuna mata littafin, na roƙi ɗan filin da ke bayan azuzuwa inda ake tara karyayyun kujeru. Ta zagaya da ni ta duba, ta ce in zan kwashe kujerun da kaina na ɗauka. Ranar Asabar da ta wuce na auna shi da igiya. Zai ɗauki layi goma sha biyu, kuma gefen gabas ruwa ba ya kwanciya, nan zan sa gero.